Rabin da Allah Ya ba mu ma yana ina?

Maman Yasmin (Marwa): Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga malamanmu, kuma ina so a amsa mini a fili, don na san ba ni kaɗai ce cikin wannan hali ba. Mahaifinmu ya rasu shekarun baya. Ya bar mata biyu da mu 'ya'ya bakwai, maza uku mata huɗu, kuma mahaifiyarsa tana raye a lokacin. Akwai gida a unguwar Domayo nan Marwa, akwai gonar karal, wato ƙasar laka da ake dasa dawar rani, a hanyar Mindif, akwai shanu a hannun makiyayi. Har yau ba a raba komai ba. Bayan babbar sallah sai babban wanmu ya tara mu mata, ya ba kowace sefa dubu 200, ya ce mu sa hannu a takarda cewa mun yafe gida da gona, wai gida na maza ne, mu muna ɗakunan mazajenmu. Biyu sun sa hannu. Ni da ƙanwata mun ƙi, yanzu ko gaisuwa muka yi da ƙyar ake amsawa. Don Allah wannan akwai shi a Musulunci?

Malam Sa'idu (Garwa): Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa ya huta. 'Yar'uwa, abin da wanku ya faɗa babu shi a Alƙur'ani, babu shi a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, kuma babu malamin Malikiyya da zai tsaya masa. Aya ta 7 cikin Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabo daga abin da iyaye da makusanta suka bari, mata ma suna da rabo, kaɗan ne ko mai yawa, rabo yankakke. Ayar ba ta ware gida ba, ba ta ware gona ba. Duk abin da mamaci ya mallaka, daga allura har garken shanu, na magada ne gaba ɗaya.

Ga yadda ake yi. A fara cire kuɗin likkafani da jana'iza, sannan bashi, har da sauran sadakin da bai cika wa matansa ba in akwai, sannan wasiyya in ya yi, matuƙar ba ta wuce sulusi ba. Mu ɗauka, don misali kawai, an yi wa gida da gona da shanu kuɗi, abin da ya rage ya kama sefa miliyan 24. Matansa biyu suna da tumuni, miliyan 3, kowace miliyan ɗaya da rabi. Kakarku tana da sudusi, miliyan 4. Saura miliyan 17. Maza uku kashi bibbiyu, shida ke nan, mata huɗu kashi ɗai-ɗai, huɗu, duka goma. Kowace mace miliyan 1 da dubu 700, kowane namiji miliyan 3 da dubu 400. Sai ki ajiye wannan kusa da dubu 200 ɗin da aka miƙa miki. Amma na ji kin ce kakar "tana raye a lokacin". Ta rasu ne?

Maman Yasmin (Marwa): Ta rasu bara da azumi, Allah gafarta Malam.

Malam Sa'idu (Garwa): Allah Ya yi mata rahama. To kin ga ɓarnar jinkiri. Tsohuwa ta tafi ba ta ci ko sisi daga haƙƙinta ba, kuma sudusinta bai koma ga 'yan'uwanki ba, ya zama gadon nata 'ya'yan da ke raye, wato baffanninku da goggonninku. Wannan shi malamai ke kira munasakha, gado a cikin gado. Yanzu mutanen da ke da haƙƙi a gidan nan sun ƙaru, kuma duk shekarar da aka ƙara sai lissafin ya ƙara cakuɗewa.

Alhaji Abakar (Kusiri): Malam, ban ja da aya ba, Allah Ya tsare. Amma a riƙa duba yadda rayuwa take. Ni ne babba a gidanmu. Ƙanwata aure ya mutu, gidan babanmu ta dawo da yara uku, ni ke ci da su. Wata ta yi rashin lafiya, ni na kai ta Njamena na biya komai, mijin bai ba da ko kuɗin mota ba. In da mun sayar da gidan mun raba tun farko, ina za ta dawo? Kuma gaskiya ɗaya ce, in ka ba mace kasonta na gona, ba ita za ta ci ba, miji ne zai lallaɓa ya karɓe, ya sayar, ya ƙara aure da kuɗin. Gumin ubanku ya koma wani gida. Iyayenmu da suka bar gida da gona a hannun maza ba mugunta suka yi ba, tsare zuri'a suka yi.

Goggo Asta (Ngaundere): Alhaji, Allah Ya saka maka da alheri kan riƙon ƙannenka. Amma abin da kake ba su kyauta kake ɗaukarsa, su ma kyauta suke ɗaukarsa, suna godiya suna sunkuyar da kai, alhali wani ɓangare nasu ne tun ranar da babanku ya cika. Akwai bambanci tsakanin mace ta dawo ɗakin da ta san nata ne da ta dawo tana jiran ranar da matar wa za ta ɗaure mata fuska.

Ni babanmu lambun albasa ya bari a Meskin, kusa da Marwa. Ranar sadakar arba'in aka kira mu mata uku cikin zaure, dattawa sun cika tabarma, kawunmu ya ce, "Ai ku ba za ku ja da 'yan'uwanku ba, ko?" Wace ce za ta ɗaga kai a nan? Aka kawo tawada muka dangwala yatsa. Aka ba kowace turmin atamfa biyu da buhun dawa. Tun daga ranar, duk kaka ina ganin motocin albasa suna wucewa ta nan Ngaundere zuwa kudu, na san akwai ta lambunmu a ciki. Da mijina ya rasu na ɗinka kaya da keke na biya wa yara makaranta. Babu wanda ya ce ga kuɗin buhu ɗaya. Wanda ya ce zai riƙe mu shi ma ya rasu, 'ya'yansa kuwa ba su san wata Goggo tana da haƙƙi a wurin ba.

Zara'u (Njamena): Goggo ta taɓo inda yake. Alƙawarin "zan riƙe ku" da mai shi yake mutuwa. Kuma maganar miji zai cinye, to ai akwai maza da ke cinye nasu gadon a caca da aure-aure, ban taɓa jin an hana ɗa namiji rabonsa don ana tsoron zai yi wauta ba.

Alhaji Abakar (Kusiri): Hajiya Zara'u, wautar namiji a cikin gida take tsayawa. Ta mace baƙo take shigo da shi. Ka wayi gari ka ga mutumin da ba ka sani ba yana gina katanga a tsakiyar gidan ubanka.

Malam Sa'idu (Garwa): Alhaji, wannan tsoron naka shari'a ta riga ta san da shi, ta yi masa magani tun kafin a haife mu. Shi ne shufu'a. In gida ko gona ba a raba ba, ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da ikon su biya kuɗin da baren ya biya su karɓe. Ko kuma tun farko a kira masu sanin farashi, a yi wa gidan kuɗi na gaskiya, mazan da ke son zama su sayi kason 'yan'uwansu mata. In babu kuɗi a hannu a rubuta bashi, a biya kaɗan-kaɗan, ko a ba su shanu a madadin. Gida ya tsaya, haƙƙi ya fita. Abin da ba ya halatta shi ne ka riƙe gidan, ka riƙe kuɗin.

Kuma ɗawainiyar da ake kafa hujja da ita, ai saboda ita ne aka ninka maka. An ba ka biyu an ba ta ɗaya domin kai ke biyan sadaki, kai ke ciyarwa, ita kuwa abin da ta samu nata ne, ko mijinta ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. Ba za ka karɓi ninkin ba, sannan ka dawo ka ce ɗayan ma a ba ka ladan ɗawainiya.

Hamidu (Yawunde): Malam, da izininka zan yi tambayar da matasa da yawa ke yi a ɓoye. A yau mata nawa ne ke riƙe da gidaje? A Marwa da Garwa ka shiga kasuwa ka gani, su ke sayar da kifi da gyaɗa da ƙosai su biya kuɗin makaranta. In dalilin ninkin shi ne ciyarwa, kuma namijin bai ciyar ba, me ya sa ba za a daidaita ba? A Tunusiya shugaba Sibsi ya kawo wannan shawarar a 2017.

Malam Sa'idu (Garwa): Tambaya ba laifi ba ce, ɗana. Shawarar Tunusiya ba ta zama doka ba, shugaban ya rasu a 2019 majalisa ba ta amince da ita ba, kuma malaman Azhar sun yi watsi da ita tun a lokacin. Dalili shi ne rabon nan nassi ne ƙarara a aya ta 11 da ta 12 da ta 176, kuma nan take bayan aya ta 12 Allah Ya ce waɗannan iyakokinSa ne. Namijin da ya ƙi ciyarwa shi ya saɓa, alƙali zai tilasta shi, ba a canja ayar saboda shi.

Sannan ba kullum mace ke karɓar rabin namiji ba. Mutum ya mutu ya bar ɗa namiji da iyayensa biyu, uwa sudusi uba sudusi, daidai wa daida. 'Yan'uwa na ɗaki ɗaya da uba daban, in sun gaji ɗan'uwansu, sulusi suke rabawa mace da namiji kai ɗaya. Mace ta mutu ta bar miji da 'ya ɗaya da wa shaƙiƙi, 'yar ta ɗauki rabi, mijin rubu'i, wan rubu'i. Nan yarinya ta ninka maza biyu kowannensu.

Zara'u (Njamena): Hamidu, ni kam wannan muhawarar ta daidaitawa tana ba ni haushi, ba don tambayarka ba, sai don yadda take ba masu cin gado mafaka. Da zarar mace ta buɗe baki sai a ce ga 'yan boko nan, Turawa sun zuga su, suna son canja Alƙur'ani. Sai malamai su hau mumbari su yi wata guda suna kare "namiji biyu mace ɗaya", a yi kabbara a watse. Wanda ya haɗiye ɗayan yana sahun gaba yana gyaɗa kai. Nan Cadi an shafe shekaru ana jayayya kan kundin dokar iyali, gado na cikin abin da ake ja a kai, amma matar da ke ƙauye ba ta ga rabi ba, ba ta ga rubu'i ba. Maman Yasmin ba daidai da wanta ta nema ba. Abin da aya ta ambata da sunanta take nema. A fara ba mu wannan. Ni ban taɓa jin huɗubar Juma'a guda da aka ware kan mazan da ke hana 'yan'uwansu mata gona ba, kuma ina son in ji.

Malam Sa'idu (Garwa): Wannan magana taki gaskiya ce, Hajiya, kuma asalin saukar hukuncin ma a kan irin wannan ne. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi shahada a Uhudu, ya bar mata da 'ya'ya mata biyu. Ɗan'uwansa ya kwashe dukiyar duka. Matar ta ɗauki yaran ta je gaban Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ta kai ƙara. Bai ce mata ta yi haƙuri ba, bai ce ta ji kunyar dangin miji ba. Da ayar ta sauka ya aika wa baffan yaran cewa ya ba 'yan matan biyu bisa uku, ya ba uwarsu tumuni, abin da ya rage nasa. In ka kasa dukiyar 24, yaran 16, uwar 3, shi 5. Mutumin da ya riƙe duka ya koma mai ƙaramin kaso a kan yaran. Duk mai cewa macen da ta nemi gadonta ba ta da kunya, ya tuna sahabiya ce ta fara.

Maman Yasmin (Marwa): Allah Ya ƙara ilimi Malam. To yayyena biyu da suka sa hannu fa, nasu ya tafi ke nan? Ɗaya tana kuka ta ce mini ba ta san abin da aka rubuta ba, da Faransanci ne, ita kuwa allo kawai ta yi.

Malam Sa'idu (Garwa): Dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Wadda aka tsare da ido a gaban manya, aka miƙa mata takardar da ba ta iya karantawa, wannan ba daɗin rai ba ne. Yafewa ta gaskiya ita ce a yi lissafi, a ce wance ga naki, kaza ne, ta san shi ta mallake shi, sannan in ta ga dama ta ba wanda take so. Su je gaban alƙali su faɗi yadda aka yi. Wanku kuma, ko da takarda ta tsaya masa a duniya, ya san abin da ya ci.

Alhaji Abakar (Kusiri): Gida na ji. Amma karal fa? A wurare da yawa ƙasar ba ta mutum ba ce, ta hannun jauro da lawan, wato mai unguwa da dagaci, aka samu, Lamiɗo, wato sarki, ke da ita, ana kai masa zakkar hatsi. Abin da ba mallaka ba ta yaya za a gada? Kuma mace za ta iya dashen muskuwari, dawar nan ta rani? Aikin nan a watan goma, rana tana dukan mutum, ana huda ƙasa ana zuba ruwa rami-rami.

Zara'u (Njamena): In ba a gadonta, ta yaya ta zo hannun 'ya'ya maza? Me ya sa ba ta koma wa jauro ba? Su suna nomawa, suna ba da haya, wasu har sayarwa suke. Maganar "ta Lamiɗo ce" sai mace ta tambaya take fitowa. Dashe kuma, Alhaji, manyan 'yan kasuwa nawa ne ke sunkuyawa da kansu? 'Yan ƙwadago suke ɗauka. Ita ma za ta ɗauka, ko ta ba ɗan'uwanta haya ya riƙa auna mata buhunanta in an girbe.

Hamidu (Yawunde): Bari in ƙara ta fuskar dokar ƙasa, tunda shi nake karanta. Tun dokokin filaye na 1974 a Kamaru, filin da ba shi da titir, wato takardar mallakar fili, yana ƙarƙashin kulawar gwamnati ne, mai nomawa yana da haƙƙin amfani. Haɗarin shi ne wani daga cikin magada ya je ya nemi titir da sunansa shi kaɗai. In ta fito, warware ta aiki ne babba. Don haka Maman Yasmin, ki bincika ko an fara neman takardar gidan Domayo da sunan wani, in an fara ki shigar da ƙin amincewa kafin a gama. Na biyu, kafin a taɓa kuɗin mamaci a banki ko a sauya sunan fili, sai an samu hukuncin kotu da ke lissafa magada. Ana fara shi da zaman iyali a rubuta takarda. Nan ne ake zame sunayen mata. Ki tabbata sunanki da na 'yan'uwanki mata da na iyayenku mata duk suna ciki, kada ki sa hannu sai an karanta miki. Kotun Ƙoli ma ta yanke tun 1993, a shari'ar wata mata daga yankin Bamenda, cewa al'adar da ke hana 'ya mace mai aure gadon mahaifinta ba ta da gurbi a doka.

Goggo Asta (Ngaundere): Ɗana, kotu ba wasa ba ce ga mace. Kuɗin mota, kuɗin takardu, a ɗaga a ɗaga, ga dangi suna cewa ta kai 'yan'uwanta gaban hukuma. Ni shawarata ta fara samun wani dattijo da wan nata ke jin nauyinsa, baffa ko limamin unguwa, a zauna. In ya ƙi, a je wurin alƙalin fada. In nan ma ya ƙi, to ba ita ta yanke zumunci ba.

Kuma kuna ta maganar 'ya'ya, an manta da matan mamacin. Su suka fi shan wuya. Mace tana takaba, ba ta fita, ba ta da bakin magana, sai ta ji ana kwance ragunan da ta yi kiwo da kuɗin adashinta ana cewa na marigayi ne. Ni har kekena na ɗinki sai da aka sa a lissafi, da ƙyar maƙwabciya ta shaida cewa ni na saya.

Malam Sa'idu (Garwa): Goggo, wannan zalunci ne tsantsa. Kayan mace ba sa shiga gadon miji. Tumuninta daban, dukiyarta daban. In an yi saɓani kan kayan ɗaki babu shaida, malamanmu sun ce abin da aka saba na mata ne a bar mata tare da rantsuwa. In ta ba shi rance ya yi gini ko jari, bashi ne, a biya ta kafin a raba. Kuma in gidan nasa ne, tana da haƙƙin zama a ɗakinta har ta gama wata huɗu da kwana goma, babu mai fitar da ita. Ina roƙon mata su riƙa rubuta abin da suka ba mazajensu ko su sa shaida. Ba rashin yarda ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka.

Hamidu (Yawunde): Dokar 1981 kan rajistar haihuwa da aure ma ta faɗi haka, magadan miji ba su da iko a kan matar, ko 'yancinta, ko kasonta na dukiya. Sai dai wadda aka ɗaura mata aure a masallaci kawai ba a je meri, wato ofishin magajin gari, ba takan sha wahala wajen tabbatar da auren a kotu. A riƙa yin takardar aure tun miji na raye.

Bappa Yero (Gidar): Salamu alaikum, ina bin ku tun ɗazu. Nawa daban ne. Wana ya rasu ya bar yara mata biyu ƙanana, mahaifinmu kuma yana nan da rai, ya tsufa. An ce mini in Baba ya rasu yaran nan ba su da komai saboda mu muna raye. Baba yana son ya bar musu shago ɗaya a kasuwa. Yaya zai yi?

Malam Sa'idu (Garwa): Wa alaikumus salam. Haka ne, 'ya'yan ɗa ba sa gado in akwai ɗa namiji a raye, ku kun kare su. Masar ta sa wa irin waɗannan jikoki wasiyyar dole a dokarta tun 1946, amma a mazhabarmu kakan ne zai yi da kansa. Hanya biyu ce. Ko ya yi musu wasiyya, tunda ba magada ba ne ta halatta, matuƙar shagon bai wuce sulusin dukiyarsa ba, in ya wuce sai da yardarku. Ko ya ba su kyauta yanzu yana da lafiya. In kyauta zai yi, kada ya tsaya a baki. A Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu ta ɓaci, ta koma gado. Ya kira shaidu biyu adilai, a rubuta, ya miƙa makulli ga mai kula da yaran, kuɗin haya ya fara shiga hannunsu tun wannan watan. Kada a jira sai ya kwanta ciwo, don kyautar mai ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka.

Bappa Yero (Gidar): Na gode Malam. Uwar yaran za ta iya karɓa a madadinsu, ko sai namiji?

Malam Sa'idu (Garwa): Za ta iya, in Baba ya naɗa ta a kan haka a gaban shaidun. A rubuta sunanta a takardar a matsayin mai riƙo, a rubuta sunayen yaran a matsayin masu shago, kowa ya riƙe kwafi.